Lambobin da Ke Gindin Harsashi

Sunan harsashin bindiga yakan zo da lamba biyu, a buge a gindin kwanso. Ta farko faɗin ramin bututun bindiga ce. Ta biyu kuwa kowane zamani da abin da yake nufi da ita.

A Amurka, lokacin baƙin albarushi, lamba ta biyu nauyin albarushin da aka ɗura ne. Harsashin .45-70 da sojojin ƙasar suka karɓa a 1873 yana cin giren 70, giren ɗaya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Cikakken sunansa .45-70-405, har da nauyin dalmar. A 1895 kamfanin Winchester ya fito da .30 WCF, wanda harafin W ɗinsa sunan kamfanin ne. Kamfanin Marlin ya ƙera bindigar da ke cin wannan harsashi, amma ya ƙi buga sunan abokin hamayyarsa a jikin ƙarfensa, sai ya kira shi .30-30, sunan da ya bi shi har yau.

Daga nan ƙa'idar ta warware. A .30-06, 06 ɗin shekarar 1906 ce. A .250-3000 na kamfanin Savage, wanda ya fito a 1915, lambar talla ce tsantsa: gudun ƙafa 3,000 a daƙiƙa. A .25-06 kuma ba shekara ake nufi ba, asali ake faɗa, domin kwanson .30-06 aka matse wa wuya.

Tsarin nahiyar Turai ya fi tsabta: faɗi da tsawon kwanso, duka da milimita. Haka aka sami 7x57 na Mauser da 7.62x39 na AK-47. Harafin R a ƙarshe, kamar a 7.62x54R na Rasha, yana nuna kwanso mai leɓe a gindi.

Ita ma lamba ta farko ba koyaushe take daidai ba. Cikin bututu akwai tsagogi masu murɗewa da ke juya harsashi, to wasu kan auna daga tudu zuwa tudu, wasu daga kwari zuwa kwari. Harsashin .303 na Ingila, wanda sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, awon tudu ne, kaurin ƙwayarsa ya kai inci .311. Shi kuwa .308 Winchester na 1952 awon kwari ne, kuma kaurin ƙwayarsa ɗaya da na .30-06, duk da bambancin suna.