Daga Sakkwato Zuwa Toronto: Tarihin Wata Gardama A Kan Ƙwallon Kwando

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in warware wata gardama da ta daɗe tana cin 'yan ajinmu, domin na lura duk sa'ad da muka haɗu sai an tayar da ita, alhali yawancinmu ba mu san asalin mutanen da muke gardama a kansu ba.

Abin ya samo asali ne a daminar 2018, muna cikin mota mu huɗu daga Birnin Kebbi za mu Argungu ɗaurin aure. Sai tsohon kyaftin ɗinmu na ƙwallon kwando ya kawo labarin cewa shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada, Masai Ujiri, ya ba da tauraronsu DeMar DeRozan ga San Antonio Spurs, ya karɓo Kawhi Leonard. Ya ce, "Wanga mutum ba shi da amana. Yaro ya yi maka shekara tara, ba wanda ya kai shi zuba maki a tarihin ƙungiyar, ka musanya shi da majinyaci?" Mai tuƙa mu, mutumin Argungu, ya ce, "Haba kyaftin, shekara tara ba kofi, kana so a jiƙa amanar a sha?" Har muka isa ba a rabu ba. Ni kuwa a ranar ina bayan kyaftin.

To, kafin a kai ga Ujiri sai an fara da Sakkwato, gama a nan zaren yake farawa. A wajajen 1978, lokacin da Birnin Kebbi da Argungu suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, tun ba a ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991 ba, aka yi gasar wasanni ta kwalejojin horon malamai na ƙasa a birnin Shehu. Cikin tawagar Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Legas akwai wani dogon yaro, haifaffen 1963, wanda ya zo buga ƙwallon hannu, a gida kuma an san shi da tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Wani ɗalibi ɗan'uwansa ya roƙi mai horarwa ya bari a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando, aka yarda. Wannan yaro shi ne Hakeem Olajuwon. Jama'a, a yi tunani: a bakin Gulbin Rima ɗin nan namu aka fara jefa shi cikin gasa, ba don wani gwani ya zo daga Amurka da ma'auni ba, sai don wani yaro ya yi magana, wani malami kuma bai ce a'a ba.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston yana ɗanye shataf, shekarar farko ma bai buga wa jami'ar gasa ba. Amma kafin 1984 ya kai matsayin da a zaɓen sababbin 'yan wasa na babbar gasar NBA, ƙungiyar Houston Rockets, wadda ta ci ƙuri'ar jefa kwabo tsakaninta da Portland, ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya. Portland ta ɗauki Sam Bowie na biyu, dogo ne shi ma, amma mai fama da ciwon ƙafa tun yana jami'a. Na uku kuwa Chicago ta ɗauki Michael Jordan. Hujjar Portland ita ce tana da Clyde Drexler mai buga irin gurbin Jordan, dogo take bukata. Jordan ya ci kofi shida, ƙafar Bowie kuma ta ci gaba da karyewa, har yau ana yi wa Portland gori. Abin lura shi ne ba kasafai ake jin mai zargin Houston ba, domin Olajuwon ya kawo mata kofi a 1994 da 1995, ya kuma bar tarihin tare ƙwallo sau 3,830, wanda ba a karya ba.

Kofin 1995 ɗin ya shafi gardamarmu kai tsaye. A watan Fabrairu na shekarar, ƙungiyar tana tangal-tangal, sai shugabanninta suka ba da Otis Thorpe, ƙaƙƙarfan da suka ci kofin bara da shi, suka karɓo Drexler ɗin nan daga Portland, abokin Olajuwon tun jami'a, wanda ya riga ya haura shekara talatin. Aka yi ta gunaguni cewa an rushe gini mai kyau. Houston ta ƙare kakar a mataki na shida a shiyyarta, amma ta bi manya ɗaya bayan ɗaya ta kayar, ta share Orlando wasa huɗu ba ko ɗaya a ƙarshe. Wani abin da ke burge ni, watan Fabrairun nan ya zo daidai da Ramadan, Olajuwon yana azumi, kuma shi aka zaɓa gwarzon watan. Shi kansa bai tsira daga musaya ba: a 2001 Houston ta miƙa shi ga Toronto, inda ya yi kaka ɗaya ya ajiye.

Lokacin da sunan Olajuwon ya fara tashi, akwai wani yaro a Zariya da yake bin labarinsa a mujallu da kaset-kaset na bidiyo. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya, amma a Zariya ya tashi. Yana kimanin shekara 13 ya bar ƙwallon ƙafa ya koma filin kwando, inda ya shiga hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai zama shahararren ɗan wasa ba. Ya yi karatu a Amurka, ya buga a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sannan a 2002 ya fara yi wa Orlando aikin farautar matasa masu hazaƙa ba tare da albashi ba, da kuɗin aljihunsa yake yawo. Daga nan Denver ta ɗauke shi, a 2010 ya zama babban manajanta, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin gasar, ya koma Toronto a shekarar.

Yanzu mu dawo kan maganar mota. Gaskiyar kyaftin ce cewa Leonard wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Ran 13 ga Yuni 2019 Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofinta na farko, Leonard ne gwarzon wasannin ƙarshe. Wata guda bai cika ba ya tattara ya koma Los Angeles Clippers. Mutumin Argungu ya ce ga kofi nan. Kyaftin ya ce ai dama na faɗa muku baƙo ne, raɓa ce. Kowa ya riƙe rabin da ya yi masa daɗi.

A ganina dukkansu sun tsallake wurin da aikin yake. Leonard kaɗai bai isa ya ci kofi ba. A zaɓen 2016, a mataki na 27, inda manyan ƙungiyoyi suka riga suka kwashe waɗanda ake yayi, Ujiri ya ɗauki Pascal Siakam, ɗan Kamaru wanda ya yi karatu a makarantar horon limaman coci, bai kuma kama ƙwallon kwando da gaske ba sai da ya haura shekara 15. Mutane da yawa ba su ma taɓa jin sunansa ba. Shi ne ya zuba maki 32 a wasan farko na ƙarshen 2019. Wato mutumin da aka koya wa wasa a makare a Zariya, shi ya gane wani da ya fara a makare, kamar yadda aka gane na Sakkwato. Cacar da ya yi da DeRozan ta yiwu ne domin ya riga ya shuka yara a ƙasa. Duk da haka ban wanke shi sarai ba, gama DeRozan ya fito fili ya nuna an ɓata masa rai, kuma daga baya Siakam ɗin ma an musanya shi zuwa Indiana a Janairun 2024. Ujiri kansa Toronto ta rabu da shi a Yunin 2025, kyaftin ya bugo mini waya tun da sassafe yana dariya.

Abin da ya sa na ga maganar ta dace da wannan mujalla shi ne wani ƙanenmu da muka bari a aji uku, wanda duk 'yan ɗakin kwananmu za su tuna, domin tabarmarsa ba ta ɗaukar ƙafafunsa, kuma shi ake kira ya ciro mana ƙwallo idan ta maƙale a dogon yaro. Sau biyu malamin wasanni ya nemi a tura shi gasar jiha, sau biyu aka ce babu kuɗin mota. Ban ce da ya zama Olajuwon ba, Allah ne masani, amma ba a taɓa gwada shi ba balle a sani. Yanzu yana sana'arsa a kasuwa cikin rufin asiri.

Da na ziyarci makaranta kwanan baya na leƙa filin. Turakun ƙarfen suna nan, allo ɗaya ya faɗi, zobe ɗaya ya rage, simintin kuma ya tsage ciyawa ta fito. Na tarar da yara shida suna jefa ƙwallon ƙafa cikin zoben da ya rage, biyu daga cikinsu sun fi ni tsawo. Na riga na rubuta wa sakataren ƙungiya cewa a sa gyaran filin da kuɗin motar 'yan wasa cikin ajandar taronmu na gaba, kuma kyaftin da mutumin Argungu duk sun sa hannu a takardar, ko da yake sai da suka yi gardama a kan wanda sunansa zai zo a sama.