An ɗauki linzami, an bar doki

A ranar 9 ga Disamba, 1968, kimanin mutum dubu ɗaya, galibinsu injiniyoyi da masana kwamfuta, suka hallara a wani babban zaure a birnin San Francisco na Amurka domin sauraren Douglas Engelbart. A wancan zamani kwamfuta abu ce mai cika ɗaki. Yawancin masu amfani da ita kan miƙa mata aiki a katuttuka masu huji, su dawo bayan sa'o'i, wani lokaci washegari, su karɓi amsa a takarda. Engelbart kuwa ya zauna a kan dandamali, madannai a gabansa, hannunsa na dama a kan wani ɗan akwati mai wutsiyar waya, fuskarsa da rubutunsa suna bayyana a wani ƙaton allo. Kwamfutar da yake sarrafawa ba ta ma cikin zauren. Tana can Menlo Park, a cibiyar bincike ta SRI, tazarar kusan kilomita 50.

Ya fara da jerin cefane. Ya rubuta shi, ya sake jera shi rukuni-rukuni, ya naɗe wani sashe ya buɗe wani, sannan ya danna kalma ta kai shi wata takarda dabam. Can wajen ƙarshen minti 90 ɗin da ya yi, sai fuskar abokin aikinsa Bill Paxton ta bayyana a kusurwar allon daga Menlo Park. Suna magana, suna kallon juna, takarda ɗaya a gabansu, kowa da alamar da yake nuni da ita. Mahalarta suka miƙe tsaye suna tafi.

Ɗan akwatin nan shi ne abin da muke kira linzamin kwamfuta, kuma da shi duniya ta fi tunawa da Engelbart. A wurinsa kuwa linzamin ƙaramin abu ne cikin wani babban buri. An haife shi a 1925, ya yi aikin na'urar radar a rundunar sojan ruwa a Filifin, kuma a can ne ya karanta maƙalar da Vannevar Bush ya wallafa a 1945, inda ya hasko wata na'ura da za ta adana ilimin mutum ta kuma ɗaura wannan bayani da wancan. Engelbart ya kai ga ra'ayin cewa matsalolin duniya suna ƙara sarƙewa da saurin da ya fi ƙarfin tunanin mutum ɗaya, don haka abin da ake buƙata shi ne kayan aikin da za su ƙara wa jama'a basirar warware matsala tare. Ya zayyana wannan a wani dogon rahoto a 1962, ya sami kuɗin bincike daga NASA da hukumar ARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka, ya gina tsarin da ya kira NLS. Shekara guda bayan taron San Francisco, a ranar 29 ga Oktoba, 1969, saƙon farko na ARPANET, kakar intanet, ya taso daga jami'ar UCLA ya sauka a SRI.

To me ya sa aka shafe kusan shekara arba'in kafin ma'aikacin ofis ya iya yin abin da Engelbart da Paxton suka yi? Tsadar na'urori da rashin hanyoyin sadarwa suna cikin dalilan. Amma akwai kuma wata gardama da ta raba mutanen da suka gina wannan fanni, kuma Engelbart ne ya sha kaye a cikinta.

NLS yana da wuyar koyo. Bayan linzami mai maɓalli uku, akwai wata na'ura mai maɓalli biyar da ake dannawa da hannun hagu, kowane haɗin yatsu da harafinsa, haɗi 31 da sai mutum ya haddace. Ga umarni masu yawa, kuma sai ka fara faɗa wa na'ura abin da za ta yi kafin ka nuna mata inda za ta yi shi. Engelbart bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Ya sha kawo misalin keke mai ƙafa uku da mai ƙafa biyu: na farkon yaro ma zai hau ba tare da koyo ba, na biyun sai an faɗi an tashi, amma shi ne ke kai mutum nesa. A ganinsa, wanda zai kwashe rayuwarsa yana aikin tunani bai kamata ya ji ƙyashin 'yan makonnin koyon kayan aikinsa ba.

Da yawa daga mutanensa ba su yarda ba. Kamfanin Xerox ya buɗe cibiyar PARC a 1970, kuma a 1971 Bill English, wanda ya ƙera linzamin farko da katako, ya koma can, wasu suka bi shi. A PARC tambayar ta sauya: yaya sakatariyar da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba za ta zauna ta fara aiki nan take? Larry Tesler ya juya tsarin umarni, ya zama ka fara zaɓar rubutu sannan ka yi masa abin da kake so, kuma daga aikinsa ne yanka, kwafa da liƙa suka samu siffar da muka sani. Steve Jobs ya ziyarci PARC a 1979, Macintosh ta fito a 1984 da linzami mai maɓalli ɗaya tak. Shi kuwa NLS, an sayar da shi ga kamfanin Tymshare a 1977, ya ci gaba da rayuwa a gefe.

Gaskiya tana tare da Tesler ta fuska mai muhimmanci: da an bi Engelbart sau da ƙafa, da kwamfuta ta daɗe tana hannun 'yan tsiraru. Sai dai sauƙin ya zo da farashi. Kwamfutar da ta yi nasara ta mutum ɗaya ce, a kan teburinsa, da fayilolinsa a cikinta. Haɗin gwiwa, wanda shi ne ginshiƙin NLS, ya koma miƙa faifai daga hannu zuwa hannu, daga baya kuma aika fayil ta imel. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin rubuta rahoto ya san sakamakon: kwafi biyar suna yawo, ɗaya mai suna "na ƙarshe", wani "na ƙarshen ƙarshe", ga shugaban kwamiti ya yi gyaransa a kan tsohon. Yau ma haka ake yi a WhatsApp.

Dawowar ta zo a hankali. A 1989 Clarence Ellis da Simon Gibbs suka wallafa hanyar daidaita gyare-gyaren mutane biyu idan sun taɓa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ta yadda kowa zai ƙare da rubutu iri guda. Wani ƙaramin kamfani ya fitar da Writely a 2005, Google ya saye shi a Maris 2006, ya zama tushen Google Docs, kuma sai a 2010 aka fara ganin rubutun abokin aiki yana bayyana a cikinsa harafi bayan harafi.

Duk da haka ba komai ne ya dawo ba. A NLS kowane sakin layi yana da adireshinsa kai tsaye, ana iya nuni da shi daga ko'ina. Manhajoji irin su Notion sun farfaɗo da wani abu mai kama da wannan. Akwai kuma kundin da suka fara a farkon shekarun 1970, inda duk takarda ko saƙon da aka shigar yake samun lamba ta dindindin, ba a sake taɓa shi, domin mai zuwa daga baya ya bi sawun yadda aka kai ga kowace shawara. Wannan shi ne ya fi ƙaranci a ofisoshinmu: shawarar da aka yanke bara tana warwatse tsakanin imel, zauren hira da wayar ma'aikacin da ya riga ya bar aiki.

Engelbart ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1997, ya rasu a watan Yulin 2013 yana da shekara 88. Jaridu da dama sun ba da labarin rasuwarsa da taken mutumin da ya ƙirƙiro linzami.