Rini Ɗaya, Gani Biyu: Gardamar da Ta Bayyana Ginin Ƙwaƙwalwa

A watan Disamba na 1906, mutum biyu suka karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a birnin Stockholm, saboda aikinsu kan tsarin jijiyoyi. Na farko, Camillo Golgi ɗan Italiya, ya shafe laccarsa yana rusa ra'ayin da aka karrama abokin rabonsa a kansa. Washegari na biyun, Santiago Ramón y Cajal ɗan Sifaniya, ya tashi ya kare matsayinsa. Rini ɗaya suka yi amfani da shi, irin nama ɗaya suka duba, amma suka ga abu biyu mabambanta. Hausawa kan ce gani ya kori ji. A wannan karon gani bai kori gardama ba.

Asalin saɓanin ya girme su. Tun 1839 Theodor Schwann ya nuna cewa jikin dabba, kamar na tsiro, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da iyakarta. Hanta da fata da tsoka duk sun bi wannan ƙa'ida. Ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta gagara. Idan aka yanko ta siriri aka ɗora a ƙarƙashin madubin likita, sai a ga zaruruwa a cukurkuɗe, ba a sanin inda wannan ya fara balle inda wancan ya ƙare. Don haka masana irin su Joseph von Gerlach na Jamus suka ɗauka cewa jijiyoyin duk a haɗe suke kamar komar masunta, saƙo na ratsa su ba tare da shamaki ba.

A 1873 Golgi yana likita a wani asibitin masu doguwar jinya a garin Abbiategrasso, kusa da Milan. Ba shi da ɗakin gwaji, sai ya mayar da wani kicin wurin bincike. A nan ya gano cewa idan aka jiƙa naman ƙwaƙwalwa a sinadarin fotasiyam dayikuromet, sannan aka tsoma shi a ruwan gishirin azurfa, wasu ƙwayoyi kan rine baƙi ƙirin tun daga jikinsu har ƙarshen rassansu. Amfanin rinin yana cikin rowarsa: ƙwayoyi kaɗan yake kamawa, ya bar sauran ba launi. Da ya rine duka, da duhu kawai za a gani. Da yake zaɓe yake yi, sai ƙwaya guda ta fito fili kamar itace tilo a fako. A lokacin ne aka fara ganin cikakkiyar siffarta: jiki mai ɗauke da cibiya, gajerun rassa masu yawa, da dogon zare guda da ake kira akson. Duk da haka Golgi ya tsaya kan cewa waɗannan dogayen zaruruwa narkewa suke cikin juna su zama raga ɗaya.

Cajal, wanda aka haifa a 1852, zane ya so yi tun yana yaro. Mahaifinsa likita ne, ya kai shi koyon aiki wurin wanzami, daga baya wurin mai ɗinkin takalma, kafin ya shawo kansa ya karanta likitanci. A 1887 ya ga rinin Golgi a Madrid a hannun likita Luis Simarro, ya koma ya inganta shi. Babbar dabararsa ita ce barin ƙwaƙwalwar manya ya koma ga ta 'yan tayi da jariran dabbobi, musamman tsuntsaye, domin a wannan matakin kitsen da ke lulluɓe zaruruwa bai gama samuwa ba, rassan kuma ba su yi cunkoso ba. A 1888, yana Barcelona, ya wallafa abin da ya gani a ƙaramar ƙwaƙwalwar tsuntsaye: kowane zare yakan kai bakin ƙwaya ta gaba ya tsaya. Kusantar juna suke yi, ba haɗewa ba. Daga fasalin rassan ya kuma fahimci cewa saƙo hanya ɗaya yake bi: ya shiga ta gajerun rassa, ya ratsa jiki, ya fita ta akson.

Da Sifaniyanci yake rubutu, manyan masanan zamanin kuwa Jamusanci suke karantawa. A 1889 ya kwashi gilasan gwajinsa ya tafi taron masana ginin jiki a Berlin. Dattijon fannin, Albert von Kölliker, ya leƙa madubin, ya gamsu, har ya koyi Sifaniyanci domin ya karanta ayyukansa. A 1891 Wilhelm Waldeyer ya yaɗa sunan niyuron ga wannan ƙwaya, a 1897 kuma Charles Sherrington na Ingila ya raɗa wa mahaɗar ƙwayoyi biyu suna sinafs.

Sai dai wata tambaya ta rage: idan akwai rata, yaya saƙo ke tsallakawa? A 1921 Otto Loewi ya motsa jijiyar da ke rage bugun zuciyar kwaɗo, ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta rage bugu. Ashe jijiya sinadari take saki. Ratar kanta ba a gan ta ba sai a tsakiyar shekarun 1950, da madubi mai aiki da ilektiron. Faɗinta bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, abin da madubin haske ba zai taɓa nunawa ba. Golgi ya rasu a 1926, Cajal a 1934. Babu ɗayansu da ya ga abin da suka yi jayayya a kansa.

Wannan rata ba ƙaramin al'amari ba ce. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da niyuron kimanin biliyan 86, kowace na hulɗa da wasu ta dubban mahaɗai. A nan ne magunguna da yawa na ciwon damuwa da taɓin hankali ke aiki. Cutar Parkinson na tasowa ne idan ƙwayoyin da ke sakin dofamin suka mutu. Dafin wasu macizai, kamar kumurci, yana shanye jiki ne ta hanyar toshe mahaɗar jijiya da tsoka. Da ƙwaƙwalwa raga ɗaya ce, da babu ɗayan waɗannan da zai fahimtu.

Golgi bai tashi a tutar babu ba. A ƙarshen shekarun 1950 an gano wasu mahaɗai inda lantarki ke ratsawa kai tsaye daga ƙwaya zuwa ƙwaya ta ƙananan kafofi, wani abu mai kama da abin da ya hango. Amma a kan ginshiƙin magana Cajal ne ya yi daidai, kuma ya isa can ne da rinin mutumin da bai taɓa yarda da shi ba.