Yadda Layin Dogo Ya Tsaya A Ngaundare, Ya Bar Garwa A Bakin Kogi

Audugar da kamfanin SODECOTON ke gurzawa a Garwa, idan za ta hau jirgin ƙasa zuwa Duwala, sai an fara ɗora ta a tirela, a yi kudu da ita tafiyar kilomita wajen 280, a hau gangaren dutsen Adamawa da direbobi ke tsoro, sannan a sauke ta a tashar Ngaundare a sake lodi cikin taragu. A nan layin dogon Kamaru ya ƙare tun 1974. Kuma ko da ya zarce ya iso Garwa, jirgin da ke bin sa ba zai iya hawa tsohon layin Najeriya ba, domin tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon Kamaru milimita 1,000 ce, ta Najeriya kuwa 1,067. Milimita 67 kacal, abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, shi ya raba ƙasashen biyu.

Asalin wannan awo daga bakin teku yake. Jamusawa sun kafa mulkinsu a Duwala a 1884, ba su ci Garwa da yaƙi ba sai 1901. Layinsu na farko mai tsawo ya tashi daga Bonaberi, tsallaken kogin Wuri, ya kai Nkongsamba, kilomita 160, aka buɗe shi a 1911, da burin wata rana a miƙa shi arewa wajen Tafkin Chadi. Na biyu ya fita daga Duwala ya nufi tsakiyar ƙasa, yaƙin duniya na farko ya riske shi a wajajen Eseka. Sun zaɓi faɗin mita ɗaya ne saboda araha: ƙaramin dogo yana iya shan kwana a cikin duwatsu da kurmi ba tare da an fasa tsauni ko an gina gada mai tsada ba. Awon da suka yi amfani da shi ke nan a Togo da Tanganyika. Da Faransawa suka karɓi yawancin ƙasar a 1916, ba su ga dalilin canzawa ba, tunda su ma mita ɗaya suka shimfiɗa a Senegal da Gini da Dahomey. Suka ƙarasa layin zuwa Yawunde a 1927 da aikin tilas, wanda ya ci rayukan leburori masu yawa a duwatsun Njock.

Turawan Ingila kuwa sun zo Najeriya da awon da suka saba da shi a Afirka ta Kudu, ƙafa uku da inci shida. Da shi jirgi ya shiga Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Su kansu sun ɗanɗana wahalar awo biyu a ƙasa ɗaya: ƙaramin layin da suka ja daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza ƙafa biyu da rabi ne, saboda haka duk kayan da ya sauko da su sai an juye su a Zariya. A 1957 aka rufe shi. Kowace gwamnatin mallaka ta fuskantar da dogonta ga tashar ruwanta, babu wanda ya damu da cewa Yola da Garwa da Ngaundare ƙasa ɗaya ce tun zamanin Modibbo Adama, ko cewa fataken Hausawa sun daɗe suna ratsa ta da goro da kanwa da tufafi.

Wani dalilin da ya sa ba a gaggauta kawo dogo Garwa ba shi ne tana da kogin Binuwai. Idan damina ta kankama ruwa ya cika, jiragen kamfanoni sukan taso daga Burutu, su wuce Lakwaja da Makurɗi da Yola, su sauke gishiri da siminti da mai a tashar Garwa, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. 'Yan watanni ne kawai a shekara, amma sun isa su mai da Garwa babbar kasuwar arewa, har kayan Chadi ta nan suke fita. Wato ƙofar Garwa ta asali zuwa teku ta cikin Najeriya take. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe wannan ƙofa, yashi ya riƙa cike hanyar, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982, ruwan ya koma sai yadda aka sako shi.

Shugaba Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, shi ya ɗauki aikin haɗa kudu da arewa da dogo. An fara daga Yawunde a 1964, aka kai Belabo a 1969, aka shiga Ngaundare a 1974, kilomita 622, kamfanin Cogefar na Italiya ya yi aikin da kuɗin Faransa da Amurka da asusun raya ƙasashe na Turai. Babban aiki ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin shanun Adamawa a cikin taragu, ko ya kwana a jirgin dare zuwa Yawunde, ya san amfaninsa. To amma Ngaundare tana kan tudu sama da mita 1,000, Garwa kuwa a kwari take, ba ta kai mita 300 ba. Saukar da jirgi wannan gangare yana son kuɗin da ba a samu ba. Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne, a shekarar da aka sa harsashin wannan layi, 1964, a ita ce dogon Najeriya ya isa Maiduguri. Ƙasashe biyu masu 'yanci suna tunkarar Tafkin Chadi lokaci guda, kowacce da awon da ta gada.

Ba mu muka fara shiga wannan matsala ba. A Ingila kamfanin Great Western ya shimfiɗa dogo mai faɗin sama da ƙafa bakwai, sauran kuwa ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, har majalisa ta yi doka a 1846, amma ba a tumɓuke na ƙarshen mai faɗin ba sai 1892. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, cikin kwana biyu a 1886, ma'aikata suka matsar da ƙarfe ɗaya na dubban mil na dogo don ya dace da na arewa. Faɗin dogo ma rabin magana ne. Sai ƙugiyar da ke maƙala tarago da tarago ta zo tsawo ɗaya, sai bututun iskar birki ya shiga bakin ɗan'uwansa daga kan jirgi har wutsiya. Haɗarin jirgin ƙasa na Eseka na 21 ga Oktoba 2016, wanda hukuma ta ce ya kashe mutum 79, binciken gwamnati ya ɗora shi a kan gudu fiye da ƙima, da ƙarin taragu, da birkin da bai da lafiya.

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na lantarki, waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur, sun ɗauki wannan darasi da muhimmanci. A Amurka sun kafa ƙungiyar NMRA a 1935 don jirgin wani kamfani ya iya bin dogon wani. A 1973 aka fito da tsarin NTrak: kowa ya gina nasa ɓangaren a gida, ya zo da shi taro a jona. Ƙa'idar ta tsaya ne a kan mahaɗa. Dogo uku ne za su fito a bakin kowane tebur a wuri ɗaya, tsayinsu daga ƙasa inci 40, kowane layi da launin wayarsa, ja da rawaya da shuɗi, fulogi kuma iri ɗaya don kada a juya wuta. Abin da mutum zai gina a tsakiyar teburinsa, gari ko daji, ruwansa ne. Ƙungiyar FREMO da aka kafa a Jamus a 1981 ta bi wannan tafarki, har mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sukan zo daga ƙasashe daban-daban su cika babban zaure da layi guda. Sun yarda da siffar mahaɗa tun kafin kowa ya yanka katako.

A yau lamarin namu ya ƙara rassa. Tun 1999 kamfanin Camrail ke tafiyar da dogon Kamaru a kan mita ɗaya. Najeriya ta koma shimfiɗa sababbin layukanta a kan milimita 1,435: na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Chadi ba ta da dogo ko kaɗan. An yi nazarin jan layi daga Ngaundare zuwa Njamena da tallafin Bankin Raya Afirka, kuma cikin hanyoyin da aka duba akwai wadda ta bi ta Garwa. Idan aka yi shi a kan mita ɗaya, zai tafi Duwala kai tsaye amma ba zai haɗu da Najeriya ba. Idan aka yi shi a kan 1,435, sai a riƙa juye kaya a Ngaundare, sai fa in an ƙara ƙarfe na uku a tsohon layin. Wannan dabara tana yiwuwa tsakanin 1,000 da 1,435, ba ta yiwuwa tsakanin 1,000 da 1,067 saboda ƙarafan sun yi kusa da juna ainun.

Ni dai ina ganin 1,435 ya fi dacewa da Garwa, domin kasuwarta ta Yola da Mubi da Maiduguri da Kano ce kamar yadda take ta Duwala. 'Yan kasuwar Garwa da Marwa da wakilansu a majalisa, duk ranar da aka zo da zancen wannan layi, kada su tsaya ga tambayar ta wane gari zai bi. Su nemi a faɗa musu faɗin dogon, da irin ƙugiya da birkin taragun, su kuma nemi a zauna da Najeriya da Chadi a sa hannu a kai kafin a dasa ƙarfe na farko.