Yadda garkuwar jiki ke gane ƙwayar cuta

Ƙwayoyin T na daga cikin fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, amma ba sa iya gane ƙwayar cuta da kansu. Sai an gutsuro wani ɓangare nata an nuna masu.

Wannan aiki na wasu ƙwayoyin halitta ne, kuma wadda ta fi ƙwarewa a cikinsu ita ce dendiritik, mai rassa kamar itace, wadda Ralph Steinman ya gano a jami'ar Rockefeller ta birnin New York a 1973.

Ƙwayar dendiritik na zaune a fata da hanyoyin numfashi da hanji. Idan ta ci karo da ƙwayar cuta sai ta haɗiye ta, ta daddatsa furotin ɗinta, ta ɗora gutsattsarin a kan wani furotin nata da ake kira MHC, sannan ta fito da shi bayan jikinta.

Daga nan sai ta nufi kaluluwa mafi kusa, inda ƙwayoyin T ke kai-komo. Wadda ta dace da gutsuren sai ta fara hayayyafa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kaluluwa ke kumbura idan mutum ya ji ciwo a ƙafa.

MHC iri biyu ne. Na ɗaya yana jikin kusan kowace ƙwayar halitta, yana nuna abin da ake ƙerawa a cikinta. Idan bairos ya shige ta, ƙwayoyin T masu alamar CD8 za su gani su kashe ta.

Na biyu kuwa yana nuna abin da aka haɗiyo daga waje ga ƙwayoyin T masu alamar CD4, waɗanda ke tsara yaƙin baki ɗaya. Su ne ƙwayar HIV ke hallakawa.

Irin MHC na mutum gado ne, kuma ya sha bamban tsakanin jama'a, shi ya sa likitoci ke gwada shi kafin dashen ƙoda. Wani bincike da aka wallafa a 1991 ya nuna cewa yaran Gambiya masu nau'in HLA-B53 ba su cika kamuwa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ba.

An ba Steinman lambar yabo ta Nobel a 2011, kwana 3 bayan mutuwarsa.