Kamarar baya a motar da ake kwana a ciki: yadda ake ɗaura ta da yadda ake saita ta

A Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake tafiya da ita, a kuma kwana a cikinta. Faransawa na kiranta camping-car. Ɗaki ne aka gina mata a baya, da gado da madafa da makewayi da tankin ruwa. Yawancin na Turai a kan gindin Fiat Ducato ake gina su, wasu kuma a kan Ford Transit ko Mercedes Sprinter. Tsawonta kan kai mita 6 zuwa 7 da rabi, faɗinta wajen mita 2 da santimita 30, tsayinta kusan mita 3. Duk da wannan girman, in nauyinta bai wuce tan 3 da rabi ba, lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta a Faransa. Wato wanda ya saba da ƙaramar mota ne ake damƙa wa abin da ya kusa girman bas.

Wahalar tana baya. Da yawa daga cikin motocin ba su da tagar baya, madubin tsakiya ba ya nuna wa direba komai sai labule ko ƙofar makewayi. Madubin gefe yana nuna gefen mota, amma abin da ke daidai bayanta, turke ne ko babur ko yaro a tsugune, ba ya shiga idon kowa.

Irin wannan hatsari ne ya haifi doka a Amurka. A 2002 wani uba yana ja da baya a ƙofar gidansa ya taka ɗansa mai shekara 2, Cameron Gulbransen, yaron ya rasu. Dokar da aka sa wa hannu a 2008 sunan yaron take ɗauke da shi, kuma daga 1 ga Mayu 2018 duk sabuwar motar da nauyinta bai wuce kilo 4,536 ba sai tana nuna wa direba bayanta. Ka'idar ta ce hoton ya ɗauki fili mai faɗin kusan mita 3 da tsawon kusan mita 6 a bayan mota, ya kuma fito cikin daƙiƙa 2 da sa giyar baya. Tarayyar Turai ta bi sahu: tun watan Yulin 2024 sababbin motoci sai da na'urar gano abin da ke baya, kamara ce ko mai ƙara. Tsofaffin motoci ba su shiga wannan doka ba, kuma su ne suka fi saukowa tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome. Aikin da za a bayyana a nan iri ɗaya ne da na motar asibiti, da bas, da motar kaya mai rufaffen baya, domin duka makafi ne ta baya.

Abin da za a duba kafin a saya

Zaɓi na farko shi ne mai waya ko marar waya. Mai waya ta fi wahalar ɗaurawa, domin sai an ja igiya mai tsawon mita 10 zuwa 15 daga bayan mota zuwa gaban direba, amma da an gama hotonta ba ya yankewa. Marar waya tana aika hoto ta iska, galibi a kan zangon 2.4 GHz, wanda wifi ma ke amfani da shi. Tsohon samfurinta kan ɗauko hargitsi daga wasu na'urori. Sabon samfuri na dijital ya fi tsabta, sai dai hoton kan ɗan yi jinkiri, kuma bangon alminiyam yana rage masa ƙarfi. Sunan ma yana yaudara: marar waya tana buƙatar wayar wuta, sai in mai batir ce a jikinta. Ga motar da ta wuce mita 7, mai waya ta fi kwanciyar hankali.

Sai faɗin gani. Ana samun kamara daga digiri 120 zuwa 170. Mai 170 tana kwaso fili da yawa, amma tana lanƙwasa hoto, abin da ke kusa ya zama kamar yana nesa. Ga kamarar da za a ɗaura a sama, 120 zuwa 130 ya wadatar. Akwai kuma mai ido biyu: ɗaya na kallon ƙasa don ja da baya, ɗayan na hangen hanya ya maye gurbin madubin tsakiya. Ita ce ta fi dacewa da wannan mota.

A duba lambar IP a jikin kwali. Lamba ta farko, 6, na nufin ƙura ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce. IP67 ko IP68 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa, IP69K kuwa tana jure ruwan wanki mai ƙarfi. A duba wuta ma: waɗannan motoci volt 12 ne, manyan motocin kaya 24. Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne harshen da kamara da allo ke magana da shi. Kamarar AHD ba za ta nuna komai a tsohon allon da CVBS kaɗai ya sani ba, haka ma in ɗaya PAL ce ɗaya NTSC hoton kan fito baƙi da fari ko ya riƙa gudu. Sayen su tare a kwali ɗaya yana kawar da wannan.

Ɗaurawa

Wurin da ya fi shi ne sama, a tsakiyar bangon baya, kusa da fitilar birki ta uku. Daga can kamara na ganin ƙarfen bayan mota da kusurwoyi biyu. Ta kusa da lambar mota ta fi sauƙin ɗaurawa, amma tana cin ƙura da taɓo, kuma in an ɗaura kekuna a baya sun rufe ta. Masu Ducato mai jikin ƙarfe sun huta, domin akwai kamarar da aka ƙera a cikin gidan fitilar birki ta uku: a cire tsohuwar, a sa sabuwar, ba a huda komai ba.

Kafin a taɓa injin huji, a haɗa komai a ƙasa a gwada. Wani ya riƙe kamarar a wurin da ake so, wani ya zauna gaban allo. Wasu kamfanoni kan ja wayar tun daga masana'anta su ɓoye ta a bayan wani murfi, don haka a nema tukuna.

Hujin shi ne wuri mafi hatsari a aikin. Bangon wannan mota ba ƙarfe ba ne zalla: fata ce siririya ta alminiyam ko roba mai ƙarfi a waje, soso a tsakiya, katako a ciki. In ruwa ya samu hanya ya shiga, a hankali yake ruɓar da bango ba a sani ba, gyaransa kuwa ya ninka kuɗin kamara sau da yawa. A cire wutar gari in an jona, a cire kan batir na mas, a kashe layin faifan sola. A leƙa ta ciki a tabbatar babu waya ko bututu a wurin. A fara da ƙaramin huji, sannan a faɗaɗa daidai kaurin kan waya. A cika ramin da ramukan kusoshi da danko irin na jikin mota, kamar Sikaflex. Silikon na makewayi yana saki bayan ya sha rana. A bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ramin, don ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta ciki.

Wayar hoto ana bin da ita ta cikin akwatunan sama ko ta ƙarƙashin mota a cikin bututun roba, a ɗaure duk bayan santimita 30 zuwa 40, nesa da salansa da bututun gas. Mahaɗi mai ƙafa huɗu da ake murzawa ya fi na RCA, wanda girgizar hanya ke zarewa.

Wajen wuta akwai hanya biyu. In an ɗauko daga fitilar ribas, kamara na kamawa ne kawai idan an sa giyar baya. In ana so ta yi aikin madubi a kan hanya, sai a ɗauko daga layin da ke samun wuta bayan an murza makulli, a sa fis na amfiya 3 kusa da inda aka ɗauko, sannan a kai siririyar wayar umarni ta allo zuwa fitilar ribas don hoton ya juya da kansa. Kada a jona kai tsaye da batir, domin za ta kwana tana sha. Motar tana da batir biyu, na inji da na ɗaki, kuma in kamara na kan ɗaya allo na kan ɗayan, layuka kan riƙa yawo a hoto. Dukansu su sha daga wuri guda. A sababbin motoci kwamfuta ce ke ba fitilar ribas wuta a yanke-yanke, abin da kan sa hoto ƙiftawa da an tada inji. Maganinsa rile: fitilar ta buɗe shi kawai, wutar kamara ta zo daga tsabtataccen layi. A Amurka kuwa, motocin da aka tanadar wa kamarar Furrion sau da yawa daga ƙananan fitilun dare suke ba ta wuta, sai an kunna fitila take aiki, abin da ke sa masu sabuwar mota su ɗauka ta lalace.

Allon, mai inci 5 ko 7, a sa shi inda ba zai tare gilashin gaba ba kuma ba a kan murfin jakar iska ba. Dokar hanya ta Faransa ta hana allo mai aiki a gaban direba sai wanda ke taimakon tuƙi ko nuna hanya. Kamarar baya na cikin waɗanda aka yarda da su, fim ba ya ciki.

Saiti

Nan ne ake yawan yin sakaci, a ga hoto ya fito a ce an gama. A kai motar fili mai laushi ɗaya, da kayan da ta saba ɗauka da ruwa a tanki, domin nauyi yana sauke bayanta ya canza kallon kamara.

A fara da hagu da dama. Hoton ya zama kamar na madubi. Wani ya tsaya a baya ta ɓangaren direba ya ɗaga hannu: a motar da sitiyarinta ke hagu, a hagun allo ya kamata ya fito. In ya fito a dama, a juya hoton daga cikin saitin allo. Wasu kamarori kuma ƴar waya ce a naɗe ake yankewa, launinta ya danganta da kamfani, sai a duba takarda. In saitin ya yi daidai, rubutun lambar motar da ke baya zai fito a juye, kuma haka ake so. Wanda ya bar wannan a karkace, ranar da ya ga yaro a allo zai murza sitiyari ya nufe shi.

Sai karkata. A sassauta kusoshin gefe, a sunkuyar da kamara har ƙarfen bayan mota ya bayyana a gindin allo, kamar kaurin yatsa. Wannan ƙarfen shi ne ma'auni. In babu shi a hoto, ido ba shi da abin da zai kwatanta nisa da shi. A tabbatar layinsa a miƙe yake ba a gicciye ba, sannan a ɗaure. Ido na biyu, in akwai, a ɗaga shi har sararin sama ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na hoto. In ya wuce haka, hasken sama zai sa hanya ta yi duhu.

Layukan nan masu launin ja, rawaya da kore da ke fitowa a allo ba su san motar ba. An zana su ne don ƙaramar mota mai kamara a ƙasa. A ɗauko abin awo, a ja layi a ƙasa a mita 1, mita 2 da mita 3 daga ƙarfen baya, a kuma shimfiɗa igiya biyu daga kusurwoyin mota zuwa baya daidai faɗinta, a ƙara santimita 20 kowane gefe. In allon yana bari a matsar da layuka, a dora ja a kan mita 1, rawaya a kan 2, kore a kan 3. In ba ya bari, gara a kashe su a liƙa siririn tef a kan allo daidai inda alamun ƙasa suka faɗo. Layin ƙarya ya fi rashin layi illa.

Ko an saita su daidai, nisan ƙasa kaɗai suke aunawa. Abin da ke sama da ƙasa kullum yana nuna kamar ya fi nisa. A ɗauka kamara na tsayin mita 2 da santimita 80, bayan wata motar kaya kuma ya turo a tsayin mita 1 da santimita 40, saura mita 1 a same shi: a allo bakinsa zai faɗo a kan layin mita 2. Haka in ƙasar baya tudu ce, abu na nuna nisan da bai kai ba. In gangare ce, yana nuna kusa fiye da yadda yake. Reshen itace da bakin rumfa kuwa, kamarar da ke kallon ƙasa ba ta ganinsu sam. Ga kuma wutsiyar mota: abin da ke bayan tayoyin baya kan kai mita 2, in an karya kwana yana fita ta ɗaya gefen, wannan aikin madubin gefe ne. A wuri mai matsi ko inda yara ke wasa, mutum a ƙasa yana nuna wa direba hannu har yanzu shi ne mafi aminci.

Haske a saita shi sau biyu, da rana tsaka da bayan magariba. Da dare ƙananan fitilun da ido ba ya gani ne ke haska wa kamara, hoton kan koma baƙi da fari, ba lalacewa ba ce. In fari ya cika allo, hasken ne ke dukan farin bango ko tsani yana dawowa. A ɗan ɗaga kamarar ko a sa mata ƴar rumfa.

In wata rana allo ya koma shuɗi, yana da wuta amma hoto bai iso ba, a fara da mahaɗan waya. In ya mutu gaba ɗaya, a duba fis. Hazo a cikin gilashin kamara alama ce ruwa ya shiga, yawanci sai canji. A ƙasa mai zafi kuwa allo ne ke fara gajiya: yawancinsu iyakarsu digiri 70, kuma gaban motar da aka rufe a rana kan kai haka, don haka a rufe shi ko a cire. Lokacin hunturu a zuba wa idon kamara ruwa kafin a goge da tsumma mai laushi, domin goge ƙura a bushe yana kankare gilashin.