Van Mieu: Makarantar da Ta Koma Wurin Bauta

A tsakiyar birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam akwai wani tsohon gini da ake kira Van Mieu. Sarki Ly Thanh Tong ne ya gina shi a shekarar 1070 domin girmama Konfushiyas, shahararren malamin nan na ƙasar Sin. A shekarar 1076 kuma Sarki Ly Nhan Tong ya kafa makaranta a wurin mai suna Quoc Tu Giam. Da farko 'ya'yan sarauta da na manyan fadawa kaɗai ake ɗauka, sai a 1253 aka buɗe ƙofa ga haziƙan 'ya'yan talakawa. Ɗalibai sukan haddace littattafan Konfushiyas, su koyi tsara waƙa, sannan su zauna jarrabawar sarki. Wanda ya ci shi ake ba muƙami a mulki.

Ginin yana da farfajiya biyar, kowace da ƙofarta, an kewaye su da katangar bulo. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai wani ɗan bene na katako bisa ginshiƙai huɗu, mai tagogi zagayayyu, wanda aka gina a 1805. A farfajiya ta uku akwai tafki mai kusurwa huɗu. A gefensa ne aka jera allunan dutse 82, kowane a bisa bayan kunkurun dutse. Tun daga 1484 aka fara kafa su, suna ɗauke da sunayen mutum fiye da 1,300 da suka ci jarrabawa tsakanin 1442 da 1779. Ta haka ne sunan ɗan ƙauye ya zauna a dutse, a inda sarakuna ke zuwa gaisuwa.

A shekarar 1802 sarakunan gidan Nguyen suka mayar da fadarsu birnin Hue, makarantar ma ta bi su. Sai aka mai da wurinta ɗakin bauta na tunawa da iyayen Konfushiyas. An rushe wannan sashe a yaƙi da Faransa, aka sake gina shi a shekarar 2000.

Har yanzu ɗalibai na zuwa neman sa'a idan jarrabawa ta gabato. A da sukan shafa kawunan kunkurun, har dutsen ya fara gogewa, abin da ya sa hukuma ta hana taɓawa.